Queen: me ya sa tsofaffin waƙoƙinsu suka kai fam biliyan ɗaya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji a labarai cewa kamfanin Sony ya sayi waƙoƙin wata tsohuwar ƙungiyar mawaƙan Ingila da ake kira Queen a kan kuɗin da aka ce sun kai fam biliyan ɗaya. Da na duba sai na ga babban mawaƙinsu ya mutu tun 1991. Su wane ne waɗannan mutane, kuma me zai sa a zuba irin wannan dukiya a kan waƙoƙin da suka girmi iyayen wasunmu?

Amsa: Ƙanena, ka san su, sunan ne kawai ba ka riƙe ba. In ka taɓa zama a gidan kallo daren wasan ƙarshe, aka ɗaga kofi, takardu masu ƙyalli suna zubowa, wata murya tana tashi sama daga lasifikar filin, to akwai yiwuwar We Are the Champions ce kake ji. In kuma ka taɓa jin dubban mutane suna buga ƙafa sau biyu su yi tafi sau ɗaya, dum dum tas, dum dum tas, wannan We Will Rock You ce. Duk biyun na Queen ne, kuma duk biyun a faifai ɗaya suka fito a 1977. Na daɗe ina aiki a kan harkar haƙƙin mallakar waƙoƙi, kuma abin da nake gaya wa masu irin tambayarka shi ne, mawaƙan da suka kai Queen iya waƙa suna da yawa a zamaninsu. Waɗanda suka kai su riƙe takardun abin da suka yi ne 'yan ƙalilan. Su ma ba da wayon suka fara ba, sai da aka sha su tukuna.

Babban mawaƙin nasu, Freddie Mercury, ɗan Afirka ne ta wajen haihuwa. An haife shi a Zanzibar ranar 5 ga Satumba 1946, sunansa na yanka Farrokh Bulsara. Iyayensa 'yan asalin Indiya ne daga al'ummar Farsi mabiya addinin Zarathustra, mahaifinsa kuwa kashiya ne a ƙarƙashin gwamnatin Turawan mulkin mallaka. Ya yi makarantar kwana a Indiya, inda ya koyi fiyano. Da juyin juya halin Zanzibar ya ɓarke a 1964, iyalin suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka gudu Ingila, suka sauka a Feltham, wata unguwa kusa da filin jirgin saman Heathrow. Ya karanta zane a kwalejin Ealing, kuma kafin duniya ta san shi har gwanjo ya sayar a kasuwar Kensington tare da Roger Taylor, wanda daga baya ya zama mai gangunan ƙungiyar.

Sauran ukun duk 'yan boko ne na ƙwarai, kuma wannan ya yi musu rana. Taylor ya fara karatun likitan haƙori kafin ya koma nazarin halittu. John Deacon, mai jitar bas, wanda ya shigo a 1971 bayan kafa ƙungiyar da shekara guda, injiniyan lantarki ne. Brian May kuwa yana tsakiyar digiri na uku a kan ilimin taurari a Imperial College ya ajiye, bai dawo ya kammala ba sai 2007. Jitar da May ya yi suna da ita ba sayenta ya yi ba. Shi da mahaifinsa suka sassaƙa ta a gida tun yana ɗan shekara goma sha shida, har da katakon wani tsohon murhun ɗaki a cikinta, don ba su da kuɗin sayen ta kanti. Kuma ba da ɗan robar da masu jita ke amfani da shi yake kaɗa ta ba, da kwabon sisi yake kaɗawa. E, sisin nan dai da kakanninmu suka kashe kafin zuwan naira. Gefensa mai tsaga-tsaga shi ke ba wa tsirkiya wannan ɗan kaushin da ake gane May da shi.

A 1972 suka sa hannu da wani kamfani mai situdiyo a Landan, Trident, na wasu 'yan'uwa biyu, Norman da Barry Sheffield. A ido abin ya yi kyau: situdiyo mai tsada, sababbin kayan kiɗa, albashin mako. Amma ka lura da yadda aka ɗaure su. Trident ne manajansu, Trident ne mai ɗaukar faifansu, shi ne kuma ke sayar wa kamfanin faifai na EMI abin da aka ɗauka. Wanda ya kamata ya tsaya maka a ciniki shi ne wanda kake ciniki da shi. Kundinsu na farko ma a lokutan da manyan mawaƙa suka tashi daga situdiyo aka ɗauke shi, wani sa'in tsakar dare. Ya fito a 1973 bai yi wani armashi ba. A 1974 suka fitar da kundi biyu, waƙar Killer Queen ta kai matsayi na biyu a jadawalin Birtaniya, suka yi wasa a Amurka, a 1975 suka je Japan aka tarbe su kamar sarakai. Suna dawowa gida kuma sai ɗakin haya da albashin da bai wuce fam sittin a mako ba. Deacon ya yi aure ya nemi a ba shi kuɗin da zai sa kafin alƙalami na gida, aka hana. An ce har gargaɗin Taylor aka yi kada ya riƙa karya sandunan ganga don babu kuɗin sababbi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Don adalci, Norman Sheffield ya musanta cewa ya cuce su har ya mutu, yana cewa dukiya mai yawa ya zuba a kansu kafin su kawo ko kwabo. Ni dai a ganina ba lallai ne sata aka yi ba, takardar ce tun farko aka rubuta ta yadda su ne na ƙarshe a layin karɓa.

Wani lauya mai suna Jim Beach shi ya kwance su a 1975. Sun biya fam dubu ɗari na sallama, da alkawarin kashi ɗaya cikin ɗari na kundaye shida masu zuwa. John Reid, manajan Elton John, ya karɓe su ya ce su bar masa zancen kuɗi, su shiga situdiyo su yi abin da ya fi kyau da za su iya. A lokacin bashi ya yi musu katutu, kuma May ya sha faɗa cewa da wannan kundin ya faɗi, da ƙungiyar ta watse.

A cikin wannan kundin, A Night at the Opera, Bohemian Rhapsody take, kuma a nan zan ɗan daɗe don duk dukiyar da kake tambaya a kanta nan ta samo tushe. Waƙa ce mai kusan minti shida a zamanin da gidajen rediyo ba sa son abin da ya wuce minti uku. Ba ta da amshi da ake maimaitawa. Ta fara da muryoyi zalla, ta koma fiyano a hankali, ta faɗa wani sashe irin na opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa, ta rikiɗe zuwa kiɗan rok mai ƙarfi, sannan ta sauka. Sashen tsakiyar nan da kake ji kamar mutum ɗari ne ke rerawa, mutum uku ne kacal: Mercury, May da Taylor. Babu kwamfuta a wancan lokacin. Tef ne mai layi ashirin da huɗu, in layukan suka cika sai a haɗa su a zuba a layi ɗaya, a sake rerawa a kan sauran, a sake haɗawa. Sun yi ta haka na makonni, har May ya ce wata rana suka ɗaga tef ɗin a haske suka ga ana hango ta bayansa, garin da ke riƙe sauti ya kusa gogewa ƙarƙaf. Sai suka yi maza suka kwafe shi. Mai kunnen Hausa zai ji kalmar Bismillah ana nanata ta a wannan sashe. Mercury ba Musulmi ba ne, amma yaron da ya tashi a Zanzibar ba a wajen wani zai aro kalmar ba. Bai taɓa yarda ya fassara wa kowa ma'anar waƙar ba har ya koma.

Manyan kamfanin EMI suka ce ta yi tsawo, a datse. Suka ƙi. Wani mai gabatar da shiri a gidan rediyon Capital, Kenny Everett, abokin Mercury, ya samu kwafi ya sa ta sau goma sha huɗu a ƙarshen mako guda, mutane suka cika kantuna suna neman faifan da bai ma fito ba. Da aka sake ta ranar 31 ga Oktoba 1975 sai da ta yi mako tara a matsayi na ɗaya. Sun kuma ɗauki ɗan bidiyo a cikin sa'o'i kaɗan a kan 'yan dubban fam don a riƙa nunawa a talabijin yayin da suke yawon wasa, shekara shida kafin a buɗe MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi.

Ga wani abu da ya faru a bayan faifan wanda zai fahimtar da kai yadda kuɗin waƙa ke tafiya. Ƙaramin faifai fuska biyu gare shi, kuma kason marubuci daidai ake raba shi tsakanin waƙar gaba da ta baya. Taylor ya kafe sai an sa tasa waƙar, wadda ya yi wa mota, a bayan Bohemian Rhapsody. Aka sa. Duk faifan da aka saya don waƙar Mercury, Taylor ya samu daidai da abin da Mercury ya samu na rubutu, May da Deacon suna kallo. Wannan ya daɗe yana ci musu tuwo a ƙwarya. Abin lura shi ne kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta. Akwai haƙƙin wanda ya tsara kalmomi da karin, akwai kuma haƙƙin ainihin sautin da aka ɗauka a situdiyo. In wani ya sake rera waƙarka, na farkon kawai zai biya. In aka sa muryarka a talla ko fim, duka biyun za a biya. Yawancin mawaƙan wancan zamani sun rasa ɗaya, wasu sun rasa duka. Beatles, shahararriyar ƙungiyar mawaƙan Ingila, da kansu ba su mallaki haƙƙin rubutun mafi yawan waƙoƙinsu ba, har Michael Jackson ya zo ya saye a 1985. Mu ma a nan mun san mawaƙin da ke sayar da waƙarsa ɗungurungum a kan kuɗin da zai ƙare kafin sati, waƙar kuma ta yi shekara goma ana cin moriyarta.

Abu na biyu da ya ɗaga darajarsu, da gangan suka yi shi. A 1977 bayan wani wasa a Stafford, sun sauka daga dandamali sai jama'a suka ɓarke da waƙar 'yan kallon ƙwallo suna rera musu. May ya kwana yana tunanin me mutumin da ke matse cikin cunkoso zai iya yi: zai iya buga ƙafa, zai iya tafi, zai iya ihu. Daga nan We Will Rock You ta fito, ba ganga a cikinta, ƙafa ce da tafi aka ninka, sai jita a ƙarshe. Waƙar da ba ta buƙatar ka iya Turanci ko ka san wanda ya yi ta, ba ta tsufa. Mai tallan mota, mai shirya gasa, mai fim, kowa yana sonta, kuma kowa sai ya biya.

A 1978 suka rabu da John Reid, suka riƙe ragamar kansu, Jim Beach ya zama manaja, Deacon kuwa shi ne mai bin lissafi a cikinsu. Harajin Birtaniya a lokacin ya kai kashi 83 cikin ɗari a kan babban mai samu, don haka suka koma ɗaukar faifai a waje, a Munich ta Jamus da Montreux ta Suwizalan, inda suka sayi situdiyon Mountain a 1979. Muhimmin abin shi ne kamfaninsu, Queen Productions, shi ya riƙe sautukansu yana ba kamfanonin faifai haya na wa'adi. Shi ya sa a 2011 suka iya ɗauke kayansu gaba ɗaya daga EMI bayan kusan shekara arba'in suka kai Universal. Ɗan haya ba ya tashi da gida, mai gida ne ke canza ɗan haya.

Shekarar 1980 ce ƙololuwarsu a Amurka: kundin The Game ya hau na ɗaya, waƙoƙi biyu daga cikinsa suka hau na ɗaya. Ɗayar, Another One Bites the Dust, Deacon ne ya rubuta ta, Michael Jackson ne kuma ya ba su shawarar su sake ta a matsayin faifai mai zaman kansa, gidajen rediyon baƙaƙen fata suka ɗauke ta. Ka ga wani ƙarfin nasu: duk su huɗun marubuta ne, kuma kowannensu yana da waƙar da ta zagaye duniya. A 1981 suka cika filayen ƙwallo a Ajantina da Burazil, inda manyan mawaƙan rok ba su cika zuwa ba, a São Paulo mutum 131,000 a dare ɗaya. A shekarar ce kuma suka fitar da Greatest Hits, kundin da har yau babu wanda ya kai shi ciniki a tarihin Birtaniya, ya haura kwafi miliyan bakwai a 2022.

Daga nan sai ƙafa ta fara zamewa. Kundin Hot Space na 1982 ya karkata ga kiɗan disko, masoyansu na Amurka suka juya baya, kuma bayan wannan shekarar Mercury bai sake yawon wasa a Amurka ba. A 1984 suka yi bidiyon da suka sa kayan mata suna kwaikwayon wani wasan talabijin na Ingila. Turawan Ingila suka yi dariya, Amurkawa ba su gane barkwancin ba. Babban abin kunyar shi ne zuwansu wasa a wurin shaƙatawa na Sun City a Afirka ta Kudu a Oktoban 1984, ana tsakiyar mulkin wariyar launin fata, duniya ta ƙaurace wa ƙasar. Ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta ci su tara, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sunansu a jerin waɗanda suka karya takunkumi. Sun ce ai jama'ar da suka yi wa wasa a gauraye take. Wannan hujja ba ta taɓa gamsar da ni ba. Kuɗi suka bi, kuma Taylor da kansa daga baya ya amsa cewa kuskure ne.

Abin da ya wanke su minti ashirin da ɗaya ne. Ranar 13 ga Yuli 1985 aka yi babban taron waƙa na Live Aid a filin Wembley don tara wa Habasha gudummawar yunwa, mutum 72,000 a fili, duniya tana kallo a talabijin. Ba a biya kowa ba. Wasu manyan sun zo a sakace, Queen kuwa suka kama zaure suka yi kwanaki suna atisaye da agogo, suka yanke waƙoƙi shida suka jera su ba numfashi. A tsakiya Mercury, cikin farar singileti, ya tsaya yana jefa wa taron sauti ba kalma, suna amsa masa kamar ɗalibai a gaban malami. Jama'ar ba don su kaɗai suka zo ba, amma ya mayar da su nasa. Tsofaffin faifansu suka koma jadawali, shekarar da ta biyo baya suka yi yawon da ya ƙare a Knebworth ranar 9 ga Agusta 1986 gaban mutum kusan 120,000. Wannan ne wasan Mercury na ƙarshe da su.

An gano yana ɗauke da cutar ƙanjamau a 1987. Ya ɓoye wa duniya, ya ci gaba da ɗaukar waƙa iya ƙarfinsa. Daga kundin The Miracle na 1989 suka yanke cewa kowace waƙa sunan Queen za a rubuta a kanta, ko wa ya tsara ta, a raba huɗu, rigimar bayan faifai ta mutu. Ya sanar da ciwonsa ranar 23 ga Nuwamba 1991, washegari ya cika yana da shekara 45.

Yawanci a nan labarin ƙungiya ke ƙarewa. Nasu sai ya riƙa samun sabon jini duk bayan 'yan shekaru. Bohemian Rhapsody ta koma na ɗaya a Birtaniya a ƙarshen 1991. A 1992 wani fim ɗin barkwanci, Wayne's World, ya sa ta a wani fage, ta kai na biyu a Amurka, sama da inda ta kai a 1976. Wasan dandamali da aka gina a kan waƙoƙinsu ya yi shekara goma sha biyu a Landan daga 2002. Deacon ya yi ritaya a 1997 ya shige gida, May da Taylor suka ci gaba da wasa, da Paul Rodgers da farko, sannan da Adam Lambert daga 2011. Sai fim ɗin rayuwar Mercury na 2018, wanda aka kashe wa kusan dala miliyan hamsin ya kawo sama da miliyan 900, Rami Malek, ɗan asalin Masar, ya ci Oscar da shi. In za ka kalla, kada ka ɗauke shi littafin tarihi: ya nuna kamar ƙungiyar ta watse kafin Live Aid, kuma kamar Mercury ya san ciwonsa a lokacin, duk ba haka aka yi ba. Amma ya yi aikin da ake so. Yaran da aka haifa bayan mutuwarsa suka koma suna sauraro a waya, a Disambar 2018 aka bayyana cewa babu waƙar ƙarni na ashirin da ta kai Bohemian Rhapsody yawan saurare a intanet.

To, me Sony ta saya a 2024? Bisa rahotannin da suka fito, ta sayi haƙƙin rubutu, da haƙƙin sautuka, da ikon amfani da suna da hoton ƙungiyar. Kuɗin wasan da May da Taylor ke yi a dandamali ba ya ciki. Sautukan Amurka da Kanada kuma suna hannun Hollywood Records na Disney tun 1990, sai dai kason da Queen ke samu daga can ya koma aljihun Sony. Abin da ya sauƙaƙa cinikin shi ne kayan a tattare suke a hannun mutum huɗu: May, Taylor, Deacon da magadan Mercury. Ba a bi kamfani goma ana roƙon sa hannu ba.

Mai saye ba daɗin waƙa yake lissafawa ba, kuɗin da ke shigowa duk shekara yake ninkawa da adadin shekarun da doka ta bar masa. A Birtaniya haƙƙin sauti yana ɗaukar shekara saba'in daga fitowarsa, wato sautin Bohemian Rhapsody yana da kariya har ƙarshen 2045. Haƙƙin rubutu kuwa shekara saba'in ne bayan mutuwar marubuci, don haka waƙoƙin da Mercury ya rubuta shi kaɗai suna nan har ƙarshen 2061. Na May da Taylor da Deacon ba a ma fara ƙirga musu ba tunda suna raye. Waɗanda kuma aka rubuta da sunan su huɗun daga 1989, sai na ƙarshensu ya mutu sannan agogon zai fara tafiya.